Yadda ake cire tsiron ciki da na'urar leƙa ciki ga mai ciwon rashin daskarewar jini na gado

Yawancin tsiron da ake gani a bangon tumbi tsintarsa ake yi. Mutum ya je a leƙa masa ciki saboda ƙwannafi ko ƙarancin jini, sai likita ya ga ɗan nama ya tsiro. Ga mai lafiyayyen jini, cire shi aikin 'yan mintuna ne, da yamma yana gida. Ga mai himofiliya ko ciwon von Willebrand ko na Glanzmann kuwa, yankan shi ne abu mafi sauƙi a cikin aikin. Abin da ke kai mutane sashen gaggawa shi ne jinin da ke ɓallewa bayan kwana 3 ko 7 ko 10, lokacin da maganin da aka yi masa ya riga ya fita daga jiki, shi yana gida a Makka, likitan jinin da ya san shi yana Jidda ko Riyad.

Wannan bayani na 'yan uwanmu ne mazauna Saudiyya, majiyyata da masu jinyarsu da ma'aikatan lafiya. Adadin magungunan da za a ambata domin a fahimci takardar likita ne, a kuma iya yi masa tambaya. Likitan jini ne kaɗai ke yanke wa kowane mutum nasa.

Shin dole ne a cire?

Wannan ita ce tambayar farko, kuma ita aka fi tsallakewa. Tsiron tumbi iri uku ne aka fi gani.

Na farko ƙanana ne masu santsi, sukan fito da yawa a saman tumbi, galibi ga waɗanda suka daɗe suna shan maganin rage asid irin su Nexium. In bai kai santimita 1 ba kuma siffarsa ba ta da wani abin zargi, ba a cire shi. Sai dai in mutum bai kai shekara 40 ba kuma tsiron ya haura 20, to a duba masa babban hanji, domin akwai wani ciwon gado da ke zuwa da haka.

Na biyu jajaye ne, suna fitowa a tumbin da ya daɗe yana kumburi, kuma sau da yawa ƙwayar cutar Helikobakta ce sila. Su ne suka fi tsiyayar jini a hankali har mutum ya rasa sinadarin ƙarfe a jikinsa. Amma in aka kashe ƙwayar cutar da maganin kwana 14, mafi yawan ƙananan cikinsu sukan ƙanƙance ko su ɓace cikin 'yan watanni ba tare da an yanka komai ba. Ga mai ciwon jini wannan babbar dama ce. Ana iya gano ƙwayar ta gwajin numfashi ko na bayan gida, ba sai an gutsuri nama ba, muddin an dakatar da maganin rage asid na mako 2 da maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako 4 kafin gwajin. Wanda ya wuce santimita 1, ko yake tsaye a kan wuya kamar lemar kwaɗi, ko yake zubar da jini, ko yake tare ƙofar da abinci ke bi zuwa hanji, shi ake cirewa.

Na uku shi ne adinoma. Wannan yana iya rikiɗewa ya zama kansa, don haka ana cire shi ko mene ne girmansa. Ciwon jini ba ya zama hujjar barinsa, shiri kawai yake ƙarawa.

Akwai abubuwa biyu da suke kama da tsiro amma ba a ɗora musu zargen wayar da ake yanke tsiro da shi. Ɗaya shi ne kumburin da ke ƙarƙashin fatar tumbi, wanda samansa lafiyayye ne: sai an fara duba shi da na'urar leƙa ciki mai hoton sauti a ga daga wane sashe na bango ya taso. Ɗayan shi ne kumburarrun jijiyoyin jini a saman tumbi, masu ɗan shuɗi-shuɗi da taushi. Wannan ya shafi mutanenmu ta fuska biyu. Masu himofiliya da aka yi wa magani da kayan jini kafin tsakiyar shekarun 1980, ko aka yi ta yi musu ƙarin jini, da yawansu sun kamu da ciwon hanta nau'in C. Waɗanda suka taso a yankin Jazira na Sudan kuma, tsargiyar hanji tana iya taurara musu hanta ba su sani ba. Duka biyun suna kumbura waɗannan jijiyoyi. Gutsurar irin wannan da hantsaki na iya kashe ko da mai lafiyayyen jini. Don haka duk wanda ya san yana da tarihin ɗaya daga ciki ya faɗa tun kafin a tambaye shi.

A san ainihin sunan ciwon

“Jinina ba ya tsayawa da wuri” ba ya isa likita ya yi shiri. Ana bukatar suna da nau'i da adadi a rubuce. Fakta sinadarai ne a cikin jini da ke sa shi daskarewa, kowanne da lambarsa. Himofiliya A ƙarancin fakta 8 ne, B kuma fakta 9. In adadin bai kai kashi 1 cikin 100 na mai lafiya ba, mai tsanani ne; daga 1 zuwa 5 matsakaici; daga 5 zuwa 40 mai sauƙi. Ciwon von Willebrand shi ya fi yawa, yana kama maza da mata, kuma nau'i uku ne da maganinsu ya bambanta. Ciwon Glanzmann, inda filatilet, wato ƙananan ƙwayoyin jini masu toshe rauni, yawansu daidai yake amma ba sa manne wa juna, da ƙarancin fakta 7 ko 13, ana gadonsu ne daga uwa da uba baki ɗaya, shi ya sa suka fi yawa inda ake auren zumunci, kamar nan Saudiyya da kuma cikin danginmu. Gwajin da gwamnati ta wajabta kafin aure tun 2004 sikila da talasimiya yake dubawa, daga baya aka ƙara ciwon hanta da ƙanjamau. Ba ya duba ciwon daskarewar jini, don haka kada wani ya ce ai an gwada shi kafin aure.

Mai sauƙin ciwo shi ya fi ba da tsoro, don sau da yawa bai san yana da shi ba. Wanda ya zubar da jini sosai ranar kaciya, ko bayan cire haƙori, ko mai yawan haɓo, ko macen da al'adarta ke wuce kwana 7 da gudaji, ko wanda kawunnansa na wajen uwa suke da kumburin gwiwa tun suna yara, ya faɗa. Gwajin jini na yau da kullum yakan fito lafiya ƙalau ga mai von Willebrand mai sauƙi da mai Glanzmann da mai ƙarancin fakta 13. Matan da ke ɗauke da himofiliya su ma a auna su: in adadinsu bai kai 40 ba, ana yi musu shiri irin na mai himofiliya mai sauƙi. Waɗanda suka baro Sudan tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 ba tare da takardunsu ba, a sake musu gwaji daga farko, kada a dogara da abin da aka tuna.

Mako 1 zuwa 2 kafin ranar aiki ana auna yawan jini da filatilet da sinadarin ƙarfe da aikin hanta da ƙoda da rukunin jini, sai adadin fakta, sai gwajin inhibita. Inhibita garkuwa ce da jiki ke ƙerawa tana lalata faktan da aka zuba masa, kuma kusan mutum 3 cikin 10 masu himofiliya A mai tsanani sukan same ta. Wanda ke da ita, ana iya yi masa allurar dubban yunit jininsa bai motsa ba. Ba a shiga aiki da sakamakon bara.

Lissafin magani

Yunit 1 na fakta 8 a kowane kilo na nauyin jiki yana ɗaga adadi da kashi 2. Ƙa'idojin Ƙungiyar Himofiliya ta Duniya na 2020 sun sa 50 zuwa 80 kafin ƙaramin aiki, sannan 30 zuwa 80 na kwana 1 zuwa 5 bayansa. A ɗauki mutum mai kilo 60 da himofiliya A mai tsanani, ana son a kai shi 80. Sittin sau 80, a raba biyu, ya ba da yunit 2,400. Tun da kwalaben 250 da 500 da 1,000 ne, sai a cike zuwa 2,500, ba a zubar da ragowar kwalba. Ana yin allurar minti 30 zuwa 60 kafin a fara, a ɗebi jini bayan minti 15 zuwa 30 a tabbatar adadin ya hau.

Yanzu a bi abin da ke faruwa da wannan 80 ɗin. Rabin fakta 8 yana fita daga jiki cikin awa 8 zuwa 12. In an yi allura da ƙarfe 8 na safiyar Lahadi, da ƙarfe 8 na dare ya koma wajen 40, safiyar Litinin 20, safiyar Talata kusan 5. Gyambon da aka bari a tumbi kuwa ko fara warkewa bai yi ba, makonni yake bukata. Wannan ne dalilin da ya sa allura ɗaya tak ba ta isa ga wanda aka yanke wa tsiro, ko da ta isa ga wanda aka leƙa kawai. Sai a ci gaba da kusan rabin adadin farko kowane awa 12. Kwana 3 na hakan, haɗe da allurar farko, yunit 10,000 ke nan. A tabbatar suna cikin firijin asibiti, da ƙari don ko-ta-kwana, kafin a sa rana. Mai inshora ya nemi amincewar kamfani a kan adadin gaba ɗaya, ba na ranar farko kaɗai ba, domin a nan ne shiri ya fi karyewa. In tsiron babba ne ko shimfiɗaɗɗe da za a feɗe shi daga bango, likitoci da yawa sukan ɗauke shi babban aiki: 80 zuwa 100 da farko, kariya kuma ta kai mako 1 zuwa 2.

Fakta 9 yunit 1 a kilo kashi 1 kawai yake ɗagawa, wato mutumin nan zai bukaci 4,800, wasu nau'o'in ma sai an ƙara kusan kashi 20 cikin 100. Amma ya fi daɗewa a jiki, awa 18 zuwa 24, don haka sau ɗaya a rana ake maimaitawa.

Mai himofiliya A mai sauƙi da mai von Willebrand nau'i na 1 sau da yawa maganin desmofiresin yana isar su. Yana sa jiki ya saki abin da ya ajiye, adadi ya ninka sau 3 ko fiye. Ana ba da maikirogiram 0.3 a kowane kilo cikin ruwan gishiri ta jijiya a hankali, minti 20 zuwa 30. Sharaɗi shi ne an taɓa gwada shi a wata rana dabam, an auna bayan awa 1 da awa 4 an ga yana yi wa mutumin aiki. Ba ya amfani ga himofiliya B ko von Willebrand nau'i na 3, ana guje masa a reshen nau'i na 2 da ake kira 2B don yana rage filatilet, haka ga mai ciwon jijiyoyin zuciya. Ƙarfinsa yana raguwa in an maimaita kwana 2 zuwa 3 a jere. Babbar matsalarsa ita ce yana hana ƙoda fitar da ruwa. Awa 24 bayan allura, duk abin sha kada ya wuce lita 1 zuwa 1 da rabi, har da shayi da Zamzam da ruwan da aka ɗaura a asibiti. A zafin Makka da ke haura digiri 40 wannan ba ƙaramin abu ba ne, ga kuma masu dubiya da ke ta cewa a sha ruwa. Wanda ya wuce ƙa'ida gishirin jininsa zai faɗi, ya fara ciwon kai da tashin zuciya, in ya yi tsanani har farfaɗiya. Ya zauna a ɗaki mai sanyi ranar nan.

Sauran nau'o'in von Willebrand ana ba su faktan da ke ɗauke da sinadarin von Willebrand, a kai shi 50 ko sama. Mai Glanzmann ana shirya masa filatilet, wanda ya dace da jikinsa in da hali, ko allurar NovoSeven, wato wani nau'in fakta 7, maikirogiram 90 a kilo kowane awa 2 zuwa 3. NovoSeven ɗin ne kuma ake ba mai inhibita, ko wata allurar mai suna FEIBA.

Masu himofiliya A da ke yin allurar kariya ta Hemlibra ta ƙarƙashin fata su lura da abu biyu. Tana sa gwajin daskarewa na yau da kullum ya fito kamar na mai lafiya, wanda bai sani ba sai ya ce ba a bukatar komai. Auna fakta 8 a jikinsu sai da gwaji na musamman da ba kowane ɗakin gwaji ke da shi ba. Sannan haɗa ta da FEIBA mai yawa ya jawo wa wasu toshewar ƙananan jijiyoyi. A rubuta sunanta a saman takardar shiri.

Kusan kowa ana ƙara masa tiranekzamik asid, wanda aka fi sani da Cyklokapron. Ba ya sa jini ya daskare, hana gudan da ya riga ya samu narkewa yake yi, kuma fatar tumbi wuri ne da guda ke saurin narkewa. Ga babba yawanci giram 1 sau 3 a rana, daga daren jajibiri ko safiyar aiki har kwana 7 zuwa 10. Ana rage shi ga mai ciwon ƙoda, ba a ba mai fitsarin jini, kuma ba a haɗa shi da FEIBA sai da izinin likitan jini.

In asibiti ya ce ba shi da fakta amma zai ɗaura ruwan jini na filasma, a dakata. Da filasma kaɗai da wuya a kai fakta 8 sama da 30 ko fakta 9 sama da 25, ƙasa da abin da ake nema. Yawancin tsiro na iya jiran makonni. Gara a nemi takardar tura majiyyaci zuwa inda ake da likitan jini da ɗakin gwaji da ke auna fakta a rana ɗaya da ma'ajiyar jini, kamar Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal a Riyad da Jidda, ko asibitin Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda. Ƙaramin asibitin unguwa, komai kyan na'urarsa, ba wurin wannan aiki ba ne. Wanda ya zo Umara aka gano masa tsiro, in ba jini yake zubarwa ba, ya karɓi rahoto da hotuna ya je inda zai iya zama mako 2 kusa da likitansa.

Zaɓen rana

Safiyar Lahadi ko Litinin. Hutun mako a nan Juma'a da Asabar ne, wanda aka yi wa aiki ranar Alhamis zai shiga kwanakin da suka fi haɗari daidai lokacin da ɗakin gwaji na musamman yake rufe. A kauce wa jajibirin hutun Sallah da lokacin Hajji. In da hali a kauce wa Ramadan ma, don maganin da ake sha kowane awa 8 ba ya tafiya da azumi. In ya zama dole, marar lafiya yana da rangwamen ramawa. Mako 1 kafin ranar a bar asfirin da Brufen da Voltaren da danginsu, a bar ƙwayoyin man kifi da na tafarnuwa da na citta da haɗe-haɗen gargajiya. Wanda likitan zuciya ya ɗora wa asfirin kada ya bari da kansa, likitocin biyu su yi magana. Ba abinci awa 6 kafin aiki, ba ruwa awa 2.

A cikin ɗakin aiki

Ba a yi wa mai ciwon jini allura a tsoka, komai ta jijiya ake bayarwa. Ba a bi da na'ura ta hanci saboda haɓo. Ya fi kyau a sa shi barci sosai, domin yunƙurin amai yana iya tsaga fatar da ke mahaɗar maƙoshi da tumbi, a samu jini daga inda ba a yanka ba. Robar da ake cizawa a sa ta a hankali ga mai Glanzmann, dasashinsa ba ya son taɓi. Kafin a fara, kilif-kilif na ƙarfe masu matse bakin rauni da allurar adirenalin da hantsakin ƙona jijiya da hodar tsayar da jini su kasance a buɗe a kan tebur. An fi son na'ura mai faɗin hanya, milimita 3.7 maimakon 2.8, mai fesa ruwa, don in jini ya taso a iya zuƙewa ana gani. Duk abin da ake son yi, har gutsurar naman gefe don gwaji, a yi shi a zama ɗaya tun da an riga an biya kuɗin kariya, amma a taƙaita yawan wuraren da za a taɓa. In tsiron da yawa ne a cire manya da masu abin zargi, a bar saura.

Tumbi ya fi babban hanji zubar da jini bayan yanka. A wani bincike da aka yi a asibitocin Jamus aka buga a 2002, kusan tsiro 7 cikin 100 da aka cire sun yi jini, kuma ba a kan masu ciwon jini aka yi shi ba. Bangon tumbi yana da jijiyoyi da yawa, ga asid da sinadarin narkar da nama suna cin gudan jinin da ya toshe rauni.

Ƙaramin tsiro da bai kai santimita 1 ba ana yanke shi da zargen waya ba tare da lantarki ba. Yakan yi tsiyaya nan take a gaban ido, amma bai cika ɓallewa daga baya ba, don ba a ƙona bango ba. Ga mai ciwon jini, a wanke, a duba, a rufe da kilif ko da tsiyayar ta tsaya.

Tsiron da ke tsaye a kan wuya shi ne ke da jijiya a tsakiyar wuyansa. Ga kowa ma, in kan ya kai santimita 2 ko kaurin wuyan ya kai santimita 1, ana ɗaure shi kafin yanka. Ga mai ciwon jini ana yi ko bai kai haka ba. Likita zai tsira adirenalin da aka tsarma kashi 1 cikin 10,000 a gindin, wurin ya yi fari. Sai ya zura zargen nailan ta kan tsiron har gindi, mai taimaka masa ya ja a hankali. Ana kallo a allo kan da yake ja zai fara dusashewa ya koma shuɗi-shuɗi, alamar jini ya daina shiga. In an ja da ƙarfi fiye da kima nailan ɗin zai yanke wuyan da kansa, jijiya ta buɗe. Daga nan a ɗora zargen waya sama da na nailan, a bar 'yan milimitoci a tsakani don kada ɗaurin ya suɓuce, a yanka da lantarki. Saurin yankan ma abin lura ne. In an yi gaggawa, jijiyar ba ta ƙone ta rufe ba. In an daɗe ana ƙonawa, zafin ya nutsa cikin bango, gyambon ya faɗaɗa bayan kwanaki, ɓawon ya faɗi da jini, wani lokaci har bangon ya huje.

Tsiron da yake a zaune kai tsaye a kan bango, ana tsira ruwan gishiri mai ɗan shuɗin launi a ƙarƙashinsa ya taso daga tsokar bango, sannan a yanka. In ya ƙi tasowa, alama ce ya kama ƙasa, a janye hannu. Shimfiɗaɗɗe babba ko wanda ake zargin farkon kansa ne ana feɗe shi gaba ɗaya da ƙaramar wuƙar lantarki, gyambonsa kuma yakan ɗauki kusan mako 8 kafin ya rufe.

Bayan yanka, a ƙona duk jijiyar da ake gani a ƙasan raunin, a ɗinke bakinsa da kilif daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da barin giɓi ba. Fatar tumbi tana da kauri, kilif ɗin da bai kama da kyau ba yakan faɗi da wuri. Adirenalin shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, ƙarfinsa na ɗan lokaci ne. Hoda ma haka, cikin kwana 1 zuwa 3 ta wanke.

Akwai wata yaudara a nan. Mai himofiliya filatilet ɗinsa lafiya suke, don haka toshewar farko tana samuwa, raunin ya bushe a gaban likita kamar na kowa. Abin da ya rasa shi ne zaren da ke ƙarfafa toshewar, sai ta rushe bayan awoyi ko kwanaki. Mai von Willebrand da mai Glanzmann su tun a tebur ake ganin tsiyayarsu. Busasshen rauni ga mai himofiliya ba hujjar soke sauran allurai ba ne.

Mako 2 na bayan aiki

Mai matsakaici ko tsananin ciwo, da duk wanda aka cire wa babban tsiro, ya kwana a asibiti aƙalla dare ɗaya, a sake auna jini da fakta washegari. Ruwa bayan 'yan awoyi, sai abinci mai taushi kwana 2 zuwa 3: kunu mai ɗumi, shurba, madara. A ɗan bar yaji da shatta. Amma gaskiya abinci ba shi ne ke tsayar da jini ba, iyalai sukan tsananta a kansa su yi sakaci da magani. Maganin rage asid irin omefirazol, miligiram 20 zuwa 40 sau 2 a rana, minti 30 kafin abinci, na mako 4 zuwa 8 gwargwadon girman raunin, shi ke ba guda damar zama, don filatilet ba sa haɗuwa da kyau a cikin tsami.

Ciwon gwiwa shi ke mayar da masu himofiliya ga Voltaren da Brufen, ga su kuma ana sayarwa a kowane kantin magani ba takarda. Ƙwaya biyu sun isa su warware duk aikin nan. Panadol kawai, in bai isa ba a kira likita. Ba ƙaho. Ba ɗaukar kaya masu nauyi. Ba tafiya nesa da asibiti har mako 2, ko da jirgin ƙasan Madina ne. Umara ma ta jira: sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga cunkoso.

A riƙa duba bayan gida kullum. Jinin tumbi yana fitowa baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da wari na dabam. Ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da maganin Helikobakta mai bismut su ma suna baƙanta bayan gida, amma ba danƙo ba wannan wari. Don gudun ruɗani likitoci da yawa sukan ɗage su zuwa bayan mako 2. Sauran alamu su ne aman jini ko amai mai launin garin gahawa, jiri in an miƙe, bugun zuciya sama da 100 a minti ana zaune, gumi mai sanyi. Ciwon ciki mai tsanani da taurin ciki da zazzaɓi kuwa alamar huji ne.

In an ga ɗaya daga ciki, wanda ke da fakta a gida kuma ya saba yi wa kansa ya yi cikakken adadin da aka rubuta masa nan take, a kira motar asibiti a 997, kada ya ci ko ya sha komai, kada ya tuƙa mota. A tafi da katin ciwon da rahoton aikin da ragowar kwalaben a cikin jakar sanyi. A sashen gaggawa fakta ake fara bayarwa, a kai 80 zuwa 100 ga A, 60 zuwa 80 ga B, kafin hoto da jiran sakamako. Awon jini na awoyin farko yana iya fitowa daidai alhali mutum ya zubar da yawa. Ana ƙarin jini in awon ya sauka ƙasa da 7, ko kafin haka ga mai ciwon zuciya ko wanda jininsa ke zuba da ƙarfi, a sake leƙa ciki cikin awa 24 a sa sabon kilif ko a ƙona. In hakan bai yi ba, a toshe jijiyar ta hanyar hoto, tiyata ce ta ƙarshe. Jinin da ya ƙi tsayawa duk da isasshen fakta, a nemi sabuwar inhibita. Tana iya fitowa ga mai sauƙin himofiliya bayan an yi masa fakta da yawa a jere, shi ya sa ake sake gwada shi mako 4 zuwa 12 bayan aiki ko da komai ya tafi daidai.

Sakamakon naman da aka cire yakan fito cikin mako 1 zuwa 2, a koma a karɓa da kai. In adinoma ne za a sake leƙawa cikin shekara 1. In na Helikobakta ne, a tabbatar ta mutu da gwajin numfashi aƙalla mako 4 bayan gama magani, in ba haka ba tsiron zai iya dawowa. Kowace leƙawa ta gaba da shirinta, don haka kafin sallama a nemi rahoto a rubuce da ya nuna girman tsiron da inda yake, yadda aka yanke shi, kilif nawa aka sa, wane fakta aka bayar da adadinsa, da inda ya kai a awo. In wata rana za a yi hoton maganaɗisu, a nuna wa masu hoton wannan takarda saboda kilif ɗin.